Turmin Iya da Makarantar Kanikawa

Ranar kasuwar Ɗanbatta da ta wuce, na ratsa ta layin masu hatsi zan je sayen ƙarfe, sai iska ta kwaso mini ƙanshin gyaɗar da ake soyawa a bayan wata rumfa. Ba irin ta 'yan talla ba ce. Wannan ta mai ce, wadda ake bari ta ɗan yi duhu a kasko har jan ɓawonta ya fara tashi da kansa. Na tsaya cak a tsakiyar hanya, masu babura suna ta danna mini hon. Mai karatu, idan a gidan da ake man gyaɗa ka tashi, ka san wannan ƙanshi ba a hanci yake tsayawa ba. Ni dai gida ya mayar da ni, gaban kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya.

Ƙauyenmu yana arewa da Ɗanbatta, a irin ƙasar nan da ba ta da daji. Kana fita daga gonar wani kana shiga ta wani, iyakarsu layin lalle ne ko gamba, sai jefi-jefi kuka da ɗorawa da gawo. Da damina gero yakan rufe ƙauyen har sai ka zo bakin masallaci kafin ka san akwai gari. Da kaka kuma ko'ina harawar gyaɗa ce a kan rumfuna da rassan bishiya, tsakar gida cike da ɓawo yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa.

Iya tana da nata sashe a kusurwar gidan: rumfar kara, murhu, babban kasko, da wani turmin ƙirya da ta zo da shi tun aurenta. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. A soya gyaɗa, a murje, a sheƙe, a kai inji a markaɗo. Daga nan aikin gaske yake farawa. Sai ta zuba markaɗen a turmi, ta kafa taɓarya a ciki ta yi ta juyawa, tana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan da ludayi, har mai ya taso. Aiki ne na kafaɗa da ƙugu. Matan maƙwabta sukan shigo su kama mata, ita ma ta je ta kama musu, ana juyi ana hira ana tsiya. Ni kuwa, da yake jikanta ne na fari namiji, "maigidana" take ce mini, tana yi mini gorin cewa ban taɓa kawo mata cefane ba amma kullum ni ne farkon cin ƙulinta da zafinsa.

Baba manomi ne, gonarsa kuma 'yar kaɗan ce, abin da ya samu bayan an raba gado da 'yan'uwansa. Mu 'ya'yansa maza huɗu ne. Ya sha faɗa mana cewa idan aka sake yanka gonar nan huɗu, kowa zai samu wurin shimfiɗa tabarma ne kawai. Don haka ya ɗora burinsa a kaina. So yake in shiga makarantar kimiyya in zama ma'aikacin asibiti, in sa farar riga. Da muka gama ƙaramar sakandare muka zauna jarrabawa, sakamako ya fito, sai aka tura ni makarantar fasaha ta kwana, sashen gyara da ƙera injinan noma.

Ranar Baba bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya juya takardar gaba da baya, ya miƙo mini, ya ce in kanikanci ne ai ba sai an kai mutum makarantar kwana ba, ga gareji nan a bakin tasha. Ya so in haƙura in sake jarrabawar baɗi. Iya ce ta hana. Daga rumfarta ta ɗaga murya ta ce masa babu maraya sai rago, kuma ita ba ta taɓa ganin hannun da ya iya wani abu ya kwana da yunwa ba. Baba ba ya musu da mahaifiyarsa. Haka na tafi, da akwatin ƙarfe da ƙullin ƙuli-ƙuli, da nauyin sanin cewa ban zama abin da aka so ba.

Malaminmu na sashe wani ɗan gajeren dattijo ne mai furfura a gemu, wanda bel ɗin inji ya taɓa cinye masa kan yatsa ɗaya tun yana saurayi. Da wannan guntun yatsan yake nuna mana duk inda bai kamata hannu ya je ba. Makonninmu na farko ko sifana bai bari mun taɓa ba. Ya ba kowa guntun ƙarfe da magagari, ya ce a goge shi har kowane gefe ya daidaita. Ka kai masa kana murna, ya ɗora ma'auni, ya ɗaga shi sama, ya nuna maka siririn hasken da ke ratsawa ta tsakani, ya mayar maka da abinka. Sai da tafin hannunmu ya yi kanta kafin ya buɗe mana injin ban-ruwa ya ce mu leƙa. Daga nan muka shiga walda, da zane, da kwance tsohuwar taraktar makaranta da mayar da ita. Ranar da taraktar nan ta yi tari ta tashi a hannunmu, na ji wani abu a ƙirjina da ban taɓa ji a aji ba. Ban gaya wa kowa ba, amma tun daga ranar na daina sha'awar farar riga.

A gida kuwa ba abin da ya sauya. Idan na zo hutu muka zauna cin tuwo a kwano ɗaya, Baba yakan kalli faratana da baƙin mai ya rina, ya ce in je in sake wanke hannu. Ina wankewa, amma baƙin ba ya fita.

A shekarata ta ƙarshe abubuwa biyu suka haɗu. Na farko, kafaɗar Iya ta dama ta gaza. Ta kai ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa sai an taya ta. Aka kai ta asibiti suka ce ta bar aikin ƙarfi, Baba ya ce da an gama gyaɗar bana ta ajiye taɓarya ke nan, shi zai ɗauke mata komai. Na biyu, Malam ya ce kowane ɗalibi sai ya ƙera wani abu da hannunsa kafin ya fita. Ya ce kada wanda ya kwafo masa hoto daga littafi. Kowa ya tuna gidansu, ya nemo aikin da yake karya bayan wani, ya sauƙaƙa shi.

Ban yi dogon tunani ba. Na samo wata tukunyar ƙarfe a wajen 'yan gwangwan, na tsayar da sanda a tsakiyarta, na yi mata fukafukai huɗu na ƙarfe masu kaifi, na haɗa da sarƙar keke da mariƙi, yadda in ka juya sau ɗaya fukafukan za su zagaya sau da yawa. Na shafa mata koren fenti. 'Yan ajinmu suka yi ta zuwa kallo. Malam ya zagaya ta, ya juya mariƙin, ya tambaye ni ko na gwada ta da gyaɗa. Na ce na gwada da jiƙaƙƙiyar dusa, kuma ta juya lafiya. Ya ɗan dube ni, ya ce to, in kai gida.

A saman bas na ɗauro ta, kamar na ɗauko amarya. Kafin in sauke ta a tsakar gida labari ya zagaya, matan unguwa sun cika sashen Iya. Iya ta ba da markaɗen ranar gaba ɗaya aka juye a tukunyar. Baba yana tsaye a bakin zaure, hannu a baya. Na kama mariƙi na fara juyawa da ƙarfi. Fukafukan suka yanka markaɗen suka wuce, suka sake yankawa suka wuce. Can sai ya dunƙule ya manne a jikin sandar yana zagayawa tare da ita. Tukunyar ta huce. Na ce a ƙara ruwa, aka ƙara. Na ce a sake ƙarawa. Gumi yana shiga idona, ina juyi, har abin ya koma fari-fari, ruwa-ruwa. Ko ɗigon mai babu.

Na ga mata suna tura baki cikin mayafi. Da na waiga bakin zaure, Baba ba ya nan. Iya ta sa aka kwashe aka raba gida-gida. Kwana uku ana shan kunun gyaɗa a unguwarmu, yara suna bina suna tambaya yaushe injin kunu zai sake aiki.

Washegari da hantsi ina kwance a ɗaki na rasa fuskar fita, aka ce Iya tana kira. Na same ta zaune gaban turminta, an zuba sabon markaɗe, ruwa yana tafasa a gefe.

"Maigidana, ka taɓa fitar da mai da hannunka?"

Na ce a'a.

"To yaya za ka koya wa ƙarfe abin da kai ba ka iya ba?"

Ta nuna mini taɓarya da haɓa.

Sauran hutun nan a gaban turmi na yi shi. Saurayi ɗan ajin ƙarshe, tsaye a cikin mata yana juya gyaɗa. Abokaina suka samu abin yi, har suna aiko yara su tambaya ko ƙulina ya soyu. Amma a nan na ga abin da na shekara goma sha bakwai ina kallo ban gani ba. Taɓarya ba yanka markaɗe take yi ba, danne shi take yi a jikin turmi tana murzawa, a hankali, a karkace. Gindin turmin tsukakke ne, don haka duk abin da ya hau sama sai ya gangaro ƙarƙashinta. Itacen kuma yana riƙe ɗumi, ba kamar ƙarfena da ya sha iska ya yi sanyi ba. Ruwan ma ba a ido Iya take zuba shi ba, da kunne take zubawa. Akwai wata ƙara da markaɗen yake yi idan yana jin ƙishi, akwai wadda yake yi idan ya kusa sakin mai. Takan ce mini in yi shiru in saurara. Na ari agogon ƙanen Baba na ƙirga juyi nawa hannun mace yake yi a minti ɗaya, na auna faɗin turmin da zurfinsa da igiya, na zana komai a bayan littafina. Ranar da na fara fitar da mai da kaina, Iya ta duba ta ce ba laifi, sai dai da a gidan miji nake da tuni an mayar da ni gidanmu.

Na koma makaranta ina jin kunyar haɗa ido da Malam. Na ba shi labari tiryan-tiryan, har da kunun. Ya yi dariya har ya share hawaye da guntun yatsansa. Ya ce tun ranar da na ambaci dusa ya san abin da zai faru, amma da ya faɗa mini da na ɗauka baƙin ciki yake yi mini. Sannan ya ja kujera ya zauna, muka baje zanena.

Muka yar da tukunyar gaba ɗaya. Muka bar turmi a matsayinsa na turmi. Abin da na ƙera a karo na biyu ƙafafu ne na ƙarfe da za su tsaya a kan turmin su riƙe shi, da wata gajeriyar taɓarya ta itace da take shiga a karkace. Sarƙar keken nan na juya ta, ƙaramin haƙori ya koma jan babba, yadda gudu zai ragu ƙarfi ya ƙaru. Na samo giya biyu, ƙarafan nan masu haƙora, daga wata matacciyar mota, na sa boris a inda sanda take juyawa don kada ta yi tauri. Masu dafa mana abinci suka ara mini turmi, na yi ta gwaji da gyaɗar gaske. Sau uku ina yanke waldar ina sake karkata taɓaryar kafin Malam ya daina girgiza kai.

Kafin in dawo gida an gama gyaɗar shekarar, Baba ya cika maganarsa. Na tarar da turmin Iya a kife a bayan rumfa, kaza ta yi ƙwai a gefensa. Ita kuma tana zaune a ƙofar ɗaki da carbi. An ba ta abinci, an ba ta goro, ba abin da ta rasa, amma ta rame. Na gaishe ta, ta amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo. Ba gori, ba tsiya. Wannan ya fi kunun gyaɗa yi mini ciwo.

Na roƙe ta mu gwada mu biyu kawai, a rufe ƙofa. Ta ce sam. Waɗanda suka ga faɗuwa su ne za su ga tashi, in kuma wata faɗuwar ce, ai sun riga sun saba. Da kanta ta aika aka kira su. Ta aika aka kira Baba daga gona.

Lokacin bazara ne, zafi tun da safe. Aka tayar da turmi aka wanke, aka ɗauraye shi da ruwan zafi, na ɗaure ƙarfena a kansa. Aka zuba markaɗe. Na kai hannu zan kama mariƙin, Iya ta buge mini hannu. Ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna, ta kama da hannun hagu, mai lafiyar. Ta juya. Taɓaryar ta bi jikin turmin a hankali, tana dannawa tana wucewa. Tsakar gidan ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa. Iya ta karkata kai tana saurare, ta ɗiga ruwa, ta ci gaba. Aka daɗe. Sai na ji ƙarar ta sauya, ta koma irin wadda ta koya mini, na dubi Iya na ga ita ma ta ji. Markaɗen ya yi duhu, ya fara sheƙi, sai ga mai yana tsattsafowa ta gefe yana taruwa, ja-ja, har ya rufe kan taɓaryar.

Wata maƙwabciyarmu ta rangaɗa guɗa. Iya ba ta daina juyi ba, ta dai ɗago ta dube ni ta ce, "Yau dai maigidana ya kawo cefane."

Baba ya matso, ya tsoma ɗan yatsa a man, ya murza, ya shinshina. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon giyar nan biyu yadda suke cizon juna.

Matsala ta taso da hutu ya ƙare, domin dole in mayar da injin makaranta a duba a ba ni maki. Iya ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba mai fitar mata da shi daga gida. Wanda yake son gani ya zo ya gani. Na koma hannu rabbana na gaya wa Malam, ina tsoron ya ce na faɗi. Sai ya ce ai wannan shi ne makin. Wata ranar Asabar ya goyo shugaban sashenmu a babur, suka biyo ni har ƙauye. Iya ta fitar musu da mai suna kallo, tana yi musu bayani kamar ita ta ƙera, har tana gaya wa Malam cewa mariƙin ya yi gajarta, a gyara. Ya rubuta a takardarsa.

Baba ya sa aka yanka zakara. Bayan sun ci abinci a zaure, ina tsaye da butar wanke hannu, na ji ya gyara murya.

"Malam, ni na ɗauka yaran da suka kasa ake turowa wajenku. Na yi kuskure. Ku yafe ni."

Malam ya ce ba komai, ba shi ne na farko ba. Da suka tafi, Baba ya kira ni bayan gida inda garmar shanunsa take jingine, ya nuna mini wani wuri da ya tsage tun bara, ya tambaye ni ko ina ganin za ta gyaru. Yadda ya yi tambayar, irin yadda ake tambayar wanda ya sani ne. Na ce za ta gyaru, Baba.

Iya ta ƙara shekara shida tana sana'arta kafin Allah ya karɓi abarsa. Bayan rasuwarta aka ba wata ƙanwar Baba injin, ta tafi da shi gidan aurenta wajen Tsanyawa, daga nan na daina jin labarinsa.

Yanzu ina da shagona a bakin titi, muna ƙera injin casa, da garma, da injin man gyaɗa mai aiki da fetur wanda yake yin aikin yini cikin ɗan lokaci. Gonakin ƙauyenmu sun ƙara tsukewa, wasu ma an yi gini a kansu. Iyaye da kansu suke kawo mini 'ya'yansu daga makarantun fasaha su yi hutu a wajena, har da masu digiri suna zuwa neman a koya musu walda. Wani abin kuma ya tafi, ba zan ɓoye ba. Mata sun daina taruwa a kan turmi ɗaya suna kama wa juna. Kowace takan aika da markaɗenta wajen mai inji a dawo mata da mai a galan. Kafaɗu sun huta, hirar ta mutu, kuma na san da hannuna a ciki.

Bara da kaka wata dattijuwa ta sauko daga bas da wani tsohon ƙarfe a buhu, ta ce sarƙarsa ta tsinke, an ce mata nan ake gyara. Ina zazzage buhun na gane shi, injin Iya ne. Ta ce a wajen wata maƙwabciyarta ta gaje shi, ita ma wata ce ta bar mata, gida biyar suke amfani da shi a ƙauyensu don ba sa son man injin fetur, wai yana ɗaukar wari. Na ce mata ai wannan ya tsufa, waldarsa ma duk ta yara ce, ta bari in yi mata sabo mai kyau.

Ta janye ƙarfen zuwa gabanta.

"Kai dai sa mini sarƙa, ɗan nan. Wanda ya yi wannan ya san aikin mata. Ku na yanzu ba za ku iya irinsa ba."

Na ce to, Hajiya, Allah ya ba mu albarkacinsa. Na kori yaran shagon daga kansa, na tsuguna na sa mata sarƙar da hannuna.